Muhawara: Yaya ake gane ingancin robar da aka sake sarrafawa kafin a yi gora da ita?

Mai Firifom:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san aikin nan ciki da bai. A ce an kawo wa mutum ɓarzajjiyar robar PET, wato robar gorar ruwa da lemo, wankakkiya, fara tas, an haɗo da takardar da ke cewa IV ɗinta, wato ma'aunin tsawon sarƙar robar da ke nuna ƙarfinta, 0.76 ne. Yana son ya gauraya kashi 30 cikin ɗari da sabuwar roba ya buga firifom, wato ɗan bututun robar da ake busawa ya zama gora, na gorar ruwa da na lemo mai gas. Me zai duba kafin ya ce a sauke kaya? Wane gwaji ake iya yi a cikin masana'anta, wanne ne dole sai an kai ɗakin gwaji?

Mai Wankin Roba:
Wa alaikumus salam. Malam, fara da yadda za ka ɗebi samfur, don a nan mutane suke faɗuwa tun ba a kai ga gwajin ba. Abin da ke saman buhun jambo ba shi ne a gindinsa ba. Jijjigar mota tana tura gari da yashi da ɓurɓushin ƙarfe ƙasa, guntun lebul kuma ya taso sama. Wanda ya zura hannu a bakin buhu ya damƙo, kayan da suka fi tsabta ya gani. A samu bututun ɗibar samfur a soka sama, tsakiya da ƙasa, daga buhuna da dama, a haɗe wuri ɗaya a cuɗa, a raba gida huɗu, a ɗauki biyu masu kallon juna, a sake cuɗawa, har ya rage kamar kilo 2.

Ga dalilin da ya sa nake cewa kilo, ban ce cikin tafin hannu ba. Idan aka ce kada PVC, irin robar bututun ruwa da ke gurɓata PET, ya wuce ppm 50, ana nufin giram 50 a cikin tan guda, wato miligiram 50 a kilo. To ɓarza ƙwaya ɗaya mai faɗin milimita 10 da 10, kaurin 0.3, nauyinta ya kai kusan miligiram 40. Ka ga ƙwaya ɗaya tak ta PVC a cikin kilo guda ta kusa cinye iyakar gaba ɗaya. Wanda ya gwada giram 100 bai ga komai ba ya rubuta sifili, bai gwada komai ba, sa'a ya ci.

Sabon Shiga:
Yaya Mai Wanki, ni na ɗauka tankin ruwa yana raba komai. Ba shi ke fitar da PVC ɗin ba?

Mai Wankin Roba:
A'a ƙanena. Tankin ruwa nauyi kawai ya sani. Murfi da zobensa, waɗanda HDPE ne ko PP, nauyinsu bai kai na ruwa ba, tsakanin 0.90 zuwa 0.96 suke idan na ruwa 1 ne, sai su yi iyo a kwashe. PET yana wajen 1.33 zuwa 1.40, yana nutsewa. Matsalar ita ce PVC ma a wannan layin yake, tare suke sauka ƙasa. Haka PETG da ake yin wasu lebul masu lulluɓe gora da shi, haka PLA, robar da ake yi daga tsirrai, haka nailan da ke tsakiyar gora mai hawa-hawa, haka gilashi da alminiyam. Duk waɗannan sai na'urar tantancewa mai haske, ko idon ma'aikaci tun gorar tana ɗungurungum.

Gwajin da ke tona asirinsu kuwa ba ya buƙatar kayan tsada. A shimfiɗa samfur a faranti, kada ya hau kan juna, a sa a obin mai zafin digiri 200 zuwa 220 na minti 45 zuwa awa guda. PET mai kyau zai yi fari, ya ɗan murɗe, shi ke nan. PVC zai koma ruwan ƙasa mai duhu ko baƙi ƙirin. Inda gam ya rage zai yi tabon rawaya a jikin ɓarzar. Nailan zai yi ja-ja. PETG da PLA kuma za su narke su manne da maƙwabtansu su zama dunƙule. A tsince kowanne daban da hantsaki, a auna a sikelin da ke karanta miligiram, a raba da nauyin samfur. Idan ana shakkar wata baƙar ƙwaya, a gasa wayar jan ƙarfe har ta yi ja, a taɓa ƙwayar, a mayar kan wuta. Harshen wuta ya yi kore, akwai kulorin, PVC ne.

Biyu suka rage. A bi samfur da maganaɗisu, amma a sani ƙarfe kawai yake kamawa, alminiyam sai ido ko na'urarsa ta daban. Sannan a jiƙa ɓarza a tataccen ruwa a kaɗa, a auna pH. Idan ruwan ya tashi sosai sama da 8, ko ya yi kumfa, ba a ɗauraye sodar wankin da kyau ba, kuma wannan sodar za ta ci robar a cikin inji.

Injiniyan Busa:
Bari in ƙara a kan PVC, don mutane su gane me ya sa ake tsananta masa haka. PET ana narka shi a digiri 270 zuwa 290. PVC tun wajen 200 ya fara ruɓewa yana fitar da asid. Kafin ya kai bakin mol, wato ƙarfen da ke ba firifom siffarsa, ya zama gawayi. Abu uku yake yi lokaci guda: baƙin ɗigo a jikin firifom, asid ɗin yana tsinka sarƙar PET da ke kewaye da shi, kuma a hankali yana cin sukurun da ke tura roba cikin inji da hanyoyin zafi na mol. Baƙin ɗigon nan ba muni kawai ba ne. Lokacin busawa, robar tana miƙewa, ɗigon ba ya miƙewa, sai wurin ya yi rami ko ya fashe. Shi ya sa masu yin gora daga gora da yawa ba sa yarda da 50 ɗin ma, ƙasa da haka sosai suke nema.

Tsohon Foman:
Duk abin da kuka faɗa haka yake, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Roba mafi tsabta a duniya, idan ta shiga inji da danshi, ta lalace. PET yana shan laima daga iska. Idan ya narke da ruwa a jikinsa, ruwan yana yanka sarƙar, IV ya faɗi, kuma ba ya dawowa. Dole danshi ya sauka ƙasa da ppm 50 kafin ya shiga sukuru. Diraya ta kasance a digiri 160 zuwa 180, awa 4 zuwa 6, iskar kuma busasshiya ce da ma'aunin raɓarta yake wajen 40 ƙasa da sifili. Idan sinadarin da ke tsotse laimar iskar ya mutu, allon zai nuna maka 170 lafiya lau, alhali iska mai danshi kake hurawa.

Sai abin da ba a cika lura da shi ba idan ɓarza ce. Tsabar roba tana cika akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi da kilo 800 da wani abu. Ɓarza ba ta kai rabin haka ba, don iska ce ta fi yawa a tsakaninta. Ka ɗauka inji yana cin kilo 200 a awa, mazubin diraya yana ɗaukar tan guda na tsaba, awa 5 ke nan. Ka zuba kashi 30 na ɓarza, mazubin ya cika da kayan da ba su kai tan ba, zamansu ya sauko kusan awa 3 da rabi. Ba ka taɓa ko maɓalli ɗaya ba, amma busarwarka ta ragu.

Kuma ɓarzar wuyan gora da ta gindi, masu kaurin nan, ba su ƙanƙare ba kamar ta jiki, wato sarƙoƙinsu ba su jeru yadda za su jure zafi ba. Da sun wuce digiri 75 zuwa 80 sai su yi laushi su manne, su toshe maƙogwaron mazubi. Dole a fara bi da su ta na'urar ƙanƙarewa mai juyawa, wajen digiri 140 zuwa 160, har su yi fari, kafin diraya.

Mai Firifom:
Baba Foman, akwai na'urar auna danshi mai fitila a masana'antu da yawa. Ta isa?

Malamar Lab:
Ta isa a auna danshin ɓarza lokacin karɓa, inda ake maganar kashi 1 cikin ɗari ko ƙasa da haka. Ba ta isa a auna ppm 50 ba. Ita raguwar nauyi take gani, kuma a wannan ƙanƙantar kuskurenta ya fi abin da ake nema girma. Wannan aikin na gwajin Karl Fischer ne, wanda ke auna ruwan kansa da sinadari. Kuma a ɗebi samfur daga ƙasan diraya kai tsaye cikin busasshiyar kwalbar gilashi a toshe nan take, don busasshen PET mai zafi cikin 'yan mintuna yake sake jan laima.

Game da 0.76 ɗin da ke takarda, Malam, tambayi abu biyu: da wace hanya aka auna, kuma daga wane kaya. Hanyar da aka fi yarda da ita ita ce ta ASTM D4603: a narkar da robar a haɗin fenol da tetirakuloro'itan, 60 da 40, a digiri 30, a auna lokacin da ruwan ke ɗauka ya ratsa siririn bututun gilashi. Akwai masu auna gudun narkakkiyar roba su juya shi zuwa IV. Yana da sauri, amma idan ba a busar da samfurin sosai ba, lambar ƙarya ce. Kada a kwatanta lambobi biyu da aka samo ta hanyoyi daban-daban.

Yanzu lissafi. Gorar ruwa tana tafiya da 0.72 zuwa 0.78. Ta lemo mai gas tana son 0.80 zuwa 0.84, don matsin da ke cikinta. Ka haɗa kashi 70 na sabuwa mai 0.82 da kashi 30 mai 0.76, kana wajen 0.80. Inji zai ci 0.02 zuwa 0.03 ko da busarwa ta yi kyau. Firifom ya fito a 0.77 ko 0.78. Ga ruwa babu damuwa. Ga lemo mai gas kana bakin gaɓa. Kuma 0.76 ɗin matsakaici ne. A cikin buhu ɗaya akwai ɓarzar gorar lemo, akwai ta ruwa, wataƙila har da ta farantin roba mai IV ƙasa da haka. A auna IV na kayan da ke shiga da na firifom da ya fito. Tazarar ta wuce 0.04, a koma kan diraya kamar yadda Baba ya ce.

Amma ni duk wannan ba shi ne babbar damuwata da tambayar ba. Wankakkiyar ɓarza, komai farinta, ba kayan gorar abin sha ba ce tukuna.

Mai Wankin Roba:
Malama, a nan kam ban bi ki ba. Wankin zafi ake yi, digiri 80 zuwa 90, da soda kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, ana gurzawa kamar minti 15 zuwa 20. Bayan haka ta shiga inji a 280. Wace ƙwayar cuta ce za ta rayu?

Malamar Lab:
Babu ko ɗaya, Malam, ban kuma ambaci ƙwayar cuta ba. Sinadari nake magana. Gora bayan an shanye abin cikinta ba a san me aka ƙara zubawa ba: fetur, maganin ƙwari, man inji, sinadarin tsage fenti. Waɗannan ba a saman robar suke tsayawa ba, suna kutsawa cikin jikinta. Soda tana wanke waje, tana ma ɗan zaftare fatar sama, amma abin da ya shige ciki yana nan. In an yi sabuwar gora da shi, a hankali zai dawo cikin abin sha. Ko gorar da ba a zuba mata komai ba tana riƙe da limonin, ƙamshin lemon da ta ɗauka, shi ya sa ake amfani da shi a gane ko tsaftacewa ta yi aiki. Ragowar PVC kuma, banda baƙin ɗigo, tana iya haifar da benzin a cikin narkakkiyar roba.

Abin da ke fitar da su shi ne zafi mai tsawo a inda aka zuƙe iska, ko ƙarƙashin naitirojin. Shi ne matakin SSP: ana riƙe tsaba ko ɓarza a wajen digiri 200 zuwa 220, ƙasa da inda take narkewa, na awoyi masu yawa. Sinadaran suna fita, sarƙoƙin suna sake haɗuwa, IV yana hawa, asetaldehaid, sinadarin da ke ɓata ɗanɗanon ruwa, yana sauka ƙasa da ppm 1. Aiki uku a tukunya ɗaya.

Tsohon Foman:
'Yata, kashi 30 ne fa kawai. Kashi 70 sabuwa ce dal. Ko akwai wani abu ai ya narke a ciki ya ɓace.

Malamar Lab:
Ya ragu, Baba, bai ɓace ba. Kuma ragu daga nawa? Nan ne matsalar. Ba ka san abin da ke ciki ba, ba ka san yawansa ba, kuma ba a warwatse yake daidai ba. Gora ɗaya da aka ajiye maganin ƙwari a ciki tana iya faɗawa buhu ɗaya cikin hamsin. Ka gwada buhu arba'in da tara su fito lafiya.

Shi ya sa hukumomi ba su dogara da gwajin kaya ba, tsarin sarrafawar suke gwadawa. Ana ɗaukar ɓarza a gurɓata ta da gangan da sinadaran da aka zaɓa, wasu masu saurin tashi kamar toluwin da kulorobenzin, wasu masu nauyi kamar benzofinon da metil sitiyaret. A tsarin hukumar FDA ta Amurka ana jiƙa ta mako biyu a digiri 40. Sai a bi da ita ta injin, a auna nawa ya rage. In ya gamsar, hukumar ta ba da wasiƙar cewa ba ta da ja a kan wannan tsari. A Tarayyar Turai hukumar EFSA ce ke dubawa. Tana ɗauka cewa kowane kilo na kayan da ke shiga yana ɗauke da miligiram 3 na gurɓata, sai tsarin ya nuna zai iya sauke shi zuwa matakin da ba ya cutarwa. Ta kuma sa sharaɗin kada gororin da ba na abinci ba, irin na sabulun ruwa da man gashi, su wuce kashi 5 cikin ɗari na abin da ake zubawa. Dokar da ke aiki a can yanzu ita ce 2022/1616, wadda ta maye gurbin 282/2008.

Don haka tambayar farko ga mai kaya ba IV ba ce. Wane tsari kayan suka bi, wace hukuma ta duba shi, kuma daga ina gororin suka fito. Kowace ƙasa da hukumarta, a nemi abin da taka ta tanada.

Mai Wankin Roba:
To na ji wannan. Amma kada a ɗauka SSP yana gyara mugun wanki. Ba ya cire PVC, ba ya cire alminiyam, ba ya cire gam. Hasali ma gam da nailan ƙara rawaya suke yi a wannan zafin. Kayan da suka shiga da datti za su fito da IV mai kyau da launin tsohon haƙori.

Malamar Lab:
Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Kowanne da aikinsa. Akwai kuma matatar narkakkiyar roba a tsakaninsu, mai ramuka na maikuron 40 zuwa 60 ko ƙasa da haka, ita ke tare yashi da ƙarfe da gawayi. Mai zuba ɓarza kai tsaye a injin firifom ya tsallake wannan matatar ma. Idan tsaba ce aka kawo, gwajin da ke nuna tsabtarta shi ne a narka adadi sananne ta ƙaramar matata a ga yadda matsi ke hawa. Ya hau da sauri, akwai datti.

Sabon Shiga:
Malama, in an bi duk wannan, sai kuma me ake aunawa a gorar kanta ta fannin lafiya?

Malamar Lab:
Gwajin ƙaura, wato nawa ne ke tashi daga roba ya shiga abin sha. Ana cika gora da ruwan gwaji maimakon ainihin abin sha: asid na asetik kashi 3 ga abu mai tsami, itanol kashi 10 ko 20 ko 50 gwargwadon abin da za a zuba. A dokar Turai ta 10/2011 jimillar abin da ya ƙaura kada ya wuce miligiram 10 a kowace desimita murabba'i. Ga kayan da za su daɗe a ajiye, wasu gwaje-gwajen kwana 10 ake yi a digiri 60. Akwai iyaka ta musamman ga antimoni, ƙarfen da ake haɗa yawancin PET da shi, miligiram 0.04 a kilon abin sha.

Asetaldehaid kuma, wanda ake kira AA, maganarsa ta ɗanɗano ce fiye da ta lafiya. A ruwa zalla harshe yana jinsa tun yana ɗan kaɗan ƙwarai, wani zaƙi-zaƙi mai kama da na 'ya'yan itace. Lemo yana rufe shi, ruwa ba ya rufewa. Shi ya sa firifom na ruwa ake nema masa wajen ppm 4 ko ƙasa, na lemo ana ɗaga ƙafa har 8 zuwa 10. Ana niƙa firifom a sanyin naitirojin, don AA yana tashi tun a digiri 21, a auna da na'urar GC mai tantance sinadarai. Yawancinsa ba daga tsaba yake zuwa ba, a cikin injin firifom ake haifarsa.

Injiniyan Busa:
Daidai, kuma nan ne masu inji suke gudun gara su faɗa gidan zago. Sun ga farin hazo a firifom ko guntun da bai narke ba, sai su ƙara zafin gangar da roba ke narkewa a ciki. Hazon ya tafi, AA ya hau, launi ya ƙara rawaya, IV ya ƙara faɗuwa. Kafin a taɓa zafi a duba ruwan sanyaya mol da lokacin sanyaya. Robar da aka sake sarrafawa ta fi sabuwa saurin ƙanƙarewa, don ƙananan ɓurɓushin cikinta suna ba ta wurin farawa. Shi ke kawo farin tabo a gindin firifom, wajen ƙofar zubi. A rage gudun sukuru da matsin baya, a rage zaman roba a cikin ganga. Kuma a auna AA rami-rami na mol, don ramukan da roba ta fi daɗewa kafin ta isa gare su sukan fi sauran.

Launi kuma kada a auna shi da ido a kan ɓarza. A buga faranti mai kauri sananne, ko a yi amfani da firifom ɗin, a sa a na'urar launi. L yana nuna haske, b yana nuna rawaya idan ya hau. Kashin tsohuwar roba yana ƙaruwa, L yana sauka, b yana hawa. Ana ɗan sa shuɗi a kashe rawayar, amma shuɗin ba ya mayar da haske, gorar sai ta koma toka-toka. A yanke iyakar L da b da mai sayen gora tun farko, a rubuce.

Mai Firifom:
Injiniya, a wajen busawa fa? Saitin sabuwar roba zai yi?

Injiniyan Busa:
Da wuya. Firifom mai tsohuwar roba ya fi duhu, ya fi shan zafin fitilu. Saitin da ke kai sabuwa digiri 100 zuwa 110 zai wuce da wannan. Ka ga gora ta fito da hazo mai kama da madara, zafi ya yi yawa, a rage fitilu ko a ƙara iskar obin. Ka ga fari mai sheƙi, musamman a ƙafafun gindi, sanyi ya yi yawa ko an miƙe ta fiye da ƙima. Biyun suna kama a ido, maganinsu kishiyar juna ne, a lura. Kuma IV in ya yi ƙasa, robar tana miƙewa da yawa kafin ta yi tauri, sai kauri ya ƙi rabuwa daidai: kafaɗa ta yi siriri, gindi ya tara nama. Babban ciwon kai ba duhun ba ne, canjinsa ne daga kaya zuwa kaya. Yau ka saita, gobe sabon buhu ya zo da wani launi.

Ga abin da za a gwada a gora, kullum gefe da gefe da gorar sabuwar roba zalla daga mol ɗaya. A yanka ta da zazzafar waya gida uku, kafaɗa, ciki, gindi, a auna nauyin kowanne. A danna ta daga sama a ga nauyin da take ɗauka kafin ta lotse. A cika a sake ta ƙasa, a tsaye da a kwance, da ruwan sanyi da na ɗaki. Ta lemo a hura mata matsi har ta fashe, a rubuta lambar, a kuma duba inda ta fashe. A jiki ta tsage, da sauƙi. A gindi ta buɗe, akwai magana. Sai a cika da ruwa mai gas a ajiye awa 24 a digiri 38, a auna yadda ta kumbura da ko gindin ya turo har ta daina tsayuwa.

Kada a yi tsalle zuwa 30. A fara da 10, a tsaya a gwada, a je 20, a je 30. A kowane mataki a ajiye samfurin kaya da firifom da gora, da lambar buhu a jiki.

Sabon Shiga:
Duk PET ake ta magana. Jarkar HDPE ta sabulu ko ta madara fa?

Malamar Lab:
Ma'auninta daban ne. Ba IV ake dubawa ba, gudun narkewa ne a digiri 190 da nauyin kilo 2.16, kuma ta busawa tana ƙasa da giram 1 a minti 10. Abokin gabarta PP ne daga murafu, don tare suke iyo a tanki, kuma in ya yi yawa jarkar tana tsagewa a layin haɗi. HDPE ya fi PET shan wari da sinadari nesa ba kusa ba, don haka kai shi matakin abinci ya fi wuya. Ga sabulu da man inji, gwajin tsagewa a cikin sinadari da gwajin wari su ne kan gaba.

Tsohon Foman:
Injiniya, ka tsallake tsagewar gindi. Ita ce ke fasa kaya a sito bayan makonni, lokacin da kowa ya manta da wane buhu aka yi su.

Injiniyan Busa:
Gaskiyarka Baba. Ana cika gora da ruwa, a hura mata matsin wajen bar 5, a bar ta minti 5, a sa alama a inda ruwa ya tsaya. Sai a tsoma gindinta a ruwan soda mai kashi 0.2 cikin ɗari, a kama agogo har ta fashe ko ruwan ya fara sauka. A yi wa kowane ramin mol, a kwatanta mintunan da na sabuwar roba. Idan tazarar ta yi yawa, a duba IV na firifom, a duba nauyin gindi, a duba ko sandar miƙewa tana sauka a tsakiya daidai. Sannan a tambayi masu cikawa wane man santsi suke zubawa a kan bel, don mai yawan alkali yana tsaga gindin gora ko da robar ba ta da laifi.

Mai Firifom:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Malama, tambaya ɗaya ta rage. Idan mai kaya ya kasa nuna takardar tsarin, amma ɓarzar ta ci gwajin obin da na IV?

Malamar Lab:
A yi gorar da ba ta abin sha ba da ita, ta sabulun ruwa ko ta man goge-goge, ko a sayar wa masu zare da masu igiyar ɗaure kaya. In kuma dole sai gorar abin sha, a kai ta wurin mai tsarin da hukuma ta duba ya mayar da ita tsaba, shi ma zai tambaye ka asalin gororin kafin ya karɓa. Kuma a ware mazubi da bututun jan kaya, kada ragowarta ta bi layin gorar ruwa.